Ya Ɗauki Jaka

Muna sujadar ƙarshe ta sallar Azahar muka ji murya daga sama tana cewa, "Ɓarawo! Ya ɗauki jaka! Ya bi hanyan ruwa!"

Ba zan ɓoye ba, nan take hankalina ya bar sallar ya koma kan tawa jakar. Na kuma san ba ni kaɗai ba ne, domin Alhaji Dogara da ke limanci ya karanta tahiya da saurin da ban taɓa jin ya yi ba, shi da ya saba jan salla har gwiwar mutum ta sage. Yana sallamewa sahu ya watse, kowa ya nufi gindin bishiyar da muka tara kayanmu, wasu da takalmi wasu babu.

Kwana uku ke nan bayan Babbar Salla. Alhaji Dogara, shugaban ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa Hausawa da ke Guangzhou, ya ce mun yi shekaru a garin nan ba mu san komai ba sai benen ofisoshinmu na Tianxiu da kasuwa da filin jirgi, don haka ya ɗauko mana bas, mu goma sha tara, zuwa wata tsohuwar hasumiya a bakin kogi, can bayan Panyu. Hasumiyar fara ce, doguwa, wai a da fitilar da ke kanta ce take nuna wa jiragen ruwa hanya. Akwai 'yan hanyoyin ƙafa da suka kewaye ta, ɗaya ta hau tudu, ɗaya ta gangara bakin ruwa ta cikin gora. Ni Sharfaddeen, mai sayar da caja da murfin waya, ban zo don tafiyar ƙafa ba. Soyayyen naman layya aka ce za a kawo, shi ya fito da ni.

Mai ihun kuwa Hajiya Ayisha ce, 'yar Kumasi, ita kaɗai ce mutumiyar Gana a cikinmu. Tun kafin salla ta hau matakalar hasumiyar guda tamanin da huɗu don ta ɗauki hoto, da ta kai sama ta leƙo ƙasa sai ƙafarta ta ƙi saukowa. Aka yi lallashi daga ƙasa, ta ce a bar ta tukuna ta tattara zuciyarta. Wayarta ma a hannun wata ta bari, da za ta ɗauke ta daga ƙasa tana ɗaga hannu.

Kowa ya lalubi tasa jakar ya same ta, sai Saffana mai safarar mayafi. Ta ɗaga kuloli, ta ɗaga tabarma, ta zagaya bishiyar sau biyu, sannan ta tsaya hannu a ƙirji.

Wanda bai san Guangzhou ba zai ce jaka ce kawai, a sayi wata. Amma a nan ɗan kasuwa zai ba ka abincinsa, ya bar maka gadonsa ya kwana a ƙasa, ba zai taɓa gaya maka masana'antar da yake saro kaya ba. Saffana wata uku ta yi tana yawon lungu-lungu kafin ta gano wata ƙaramar masana'anta mai yin mayafin da ba ya zamewa daga kai, kuma tun da ya shiga Kantin Kwari mata suke rububinsa. Katin laoban ɗin wurin, wato mai masana'antar, da adireshi da samfuri uku na sabon zane duk suna cikin jakar nan. Ko masu kago, wato masu aika mana kaya gida, ba ta yarda su je ɗaukar mata kaya a can ba, ita take ɗaukowa a tasi da kanta ta kai sito.

Alhaji Dogara ya haɗa tafukansa a baki ya tambayi sama wane ne. Iska ta kawo mana amsa guntu-guntu: ba ta ga fuskansa ba, ya yi ƙasa, ya shiga gora. Daga nan ba mu sake ganin kanta ba, ashe jiri ne ya ɗebe ta ta zauna ta rufe ido.

Sai aka ƙirga maza. Goma sha uku ne suka yi salla, mun zo mu goma sha huɗu. Ana cikin tambayar wa ya rage, sai ga Ma'azu ya ɓullo daga hanyar bakin ruwa yana share zufa, baƙin taɓo har idon sawunsa.

Ma'azu ɗan kago ne, mutumin Bagwai, shekararsa ta haura arba'in. Aikinsa ya karɓi kayan mutane ya auna ya ɗaure ya kai filin jirgin Baiyun su hau jirgi. Ba shi da shago, ba shi da jari, yarda ce kaɗai jarinsa, don duk wanda ya ba shi kaya ya nuna masa inda yake saye. Kuma duk wanda yake da ido ya san wata shida ke nan yana kai wa Saffana gaisuwar da ta wuce ta kago.

Da aka tambaye shi inda ya je, sai ya dubi ƙasa ya ce ya ɗan zagaya ne. Aka ce ina, ya ƙi faɗa. Hajiya Rekiya, wadda ita ma mayafi take saya, ta ce ita dama ta daɗe tana jin cewa wasu 'yan kago suna sayar da adireshin mutane, amma ba ta kama sunan kowa ba. Ba ta buƙaci kama suna ba, don duk idanu sun riga sun tsaya wuri ɗaya. Na dubi Saffana na ga ita ma shi take kallo. Ma'azu ya ga wannan kallon, kuma na tabbata ya fi duk maganganun yi masa ciwo.

Wani ya ce a kira 'yan sanda, mutum shida suka ce a'a a lokaci guda. Ba wanda yake son yawon Salla ya koma duba fasfo. Alhaji Dogara ya zaro waya ya ce shi ba ya son dogon zance: bas zai tashi ƙarfe biyar, in jaka ba ta fito ba kuma Ma'azu bai faɗi inda ya je ba, zai rubuta a guruf ɗin ƙungiya cewa kada kowa ya sake ba shi kaya. Mutum ɗari huɗu ne a guruf ɗin, daga nan har Kano da Yamai da Akara.

A nan ne Tankari ya ajiye ƙashin da yake gwaguya.

Tankari Ba'adare ne daga wajen Tawa, dogo, siriri, ba ya rabuwa da rawani ko da zafin Guangzhou zai narka mutum. Kayan babur yake aikawa Yamai. Kullum a ofis yana ba mu labarin yadda shi da mahaifinsa suke bin sawun raƙuman da aka sace, kwana uku kwana huɗu a daji, mu kuma muna yi masa dariya muna cewa ya bi mana sawun kwantenar da ta ɓace a teku.

"Bon, Alhaji," in ji shi, "ka ba ni zuwa La'asar. Amma kowa shi zamna inda yake, kada wani shi taka min hanya."

Alhaji ya ce ya ba shi. Tankari ya dube ni ya ce in taso, wai ni ne mai Sinanci. Sinancina bai wuce gaisuwa da ciniki da godiya ba, amma na tashi, don na san Ma'azu tun muna kwana ɗaki ɗaya a unguwar Xiaobei, kuma raina ya ɓaci da yadda aka yi masa caa.

Mun fara da mai gadin hasumiyar, wani tsoho mai hular kaba da butar shayi a hannu. Na nuna masa kyamarar da ke jikin ƙofa, na zana jaka a iska. Ya girgiza kai ya ce "meyo", babu, ya nuna mana cewa kyamarar kogi take kallo, ba bishiya ba. Na tambaye shi da hannu ko ya ga wani ya wuce. Ya nuna Ma'azu daga nesa, ya dafe cikinsa da hannu biyu, ya ɗan duƙa, ya yi taku uku da sauri-sauri. Ni na ɗauka yana nufin mutum ya ɓoye abu a cikin riga, gabana ya faɗi. Tankari kuwa murmushi ya yi ya ce masa "sheshe", wato na gode. Tsohon ya cika kofi da shayi ya kama matakala, zai kai wa baƙuwarsa da ta maƙale a sama.

An yi ruwa da safe, ƙasa ta yi laushi. A saman tudu ja ce, da ka gangara ta koma baƙa mai danƙo. Tankari ya hana ni taka tsakiyar hanya, ya sa ni bin ciyawa kamar akuya. Shi kuma yana tafe a duƙe, hannu a baya, yana magana da ƙasa ƙasa-ƙasa.

Sawu huɗu ya ware. Na farko takalmin roba ne na masunci, tun safe, ruwa ya riga ya cinye gefensa. Na biyu ƙaramin takalmin mace, ya je bakin ruwa ya dawo a hankali, ya ce wannan tun kafin salla ne, mai ɗaukar hoto ce. Na uku ya nuna min da tsinke: takalmin namiji da aka take dunduniyarsa, irin yadda muke yi in mun gama alwala, taku dogo, yatsu sun nutse.

"Ma'azu ke nan," in ji shi. "Ya yi alwala, bai kai sahu ba ya juya. Dubi yadda yake matse ƙahwahu. Wannan ba mai gudu da kaya ba na, mai gudu da kansa na."

Muka bi sawun. Bai shiga gora ba, ya karkata hagu, ya wuce wani benci da aka zubar da ɓawon lici a ƙarƙashinsa tuli guda, ya miƙe kai tsaye zuwa wani ɗan gini mai ƙofa biyu da hoton namiji da mace. Sai a lokacin na gane abin da mai gadi ya kwaikwaya. Lokacin lici ne, 'ya'yan itacen nan masu zaƙi kamar zuma, kuma tun a bas na ga Ma'azu da leda cike. Na yi dariya har na dafa bango, sannan tausayi ya kama ni. Mutumin nan ya gwammace a kira shi ɓarawo da ya ce gudawa ce ta kore shi daga sahu a gaban Saffana.

Sawu na huɗu ne ya tsayar da Tankari. Silifas ne babba, na namiji, lamba arba'in da huɗu ko fiye. Ya tsuguna a kansa ya daɗe. Ya auna tsakanin taku da taku da tafin hannu, ya sa yatsa a gaban sawun, ya sa a bayansa. Ya ce in duba: gaba ya nutse, dunduniya ko taɓa ƙasa ba ta yi sosai ba, sai jan da ta yi. Takalmi babba ne, ƙafar da ke ciki ƙarama. Takun gajere ne, na wanda tufa ta ɗaure wa ƙafa, ga kuma inda bakin tufar ya share taɓo a gefe.

Muka bi shi taku sittin zuwa cikin gora. A nan sawun ya yi wata irin juyawa, ƙafa ɗaya ta zame. Tankari ya dubi inda ƙafar ta dogara, ya dubi ɗaya gefen, ya kutsa hannu cikin gora har kafaɗa ya zaro jakar Saffana, zif ɗinta a rufe. Daga nan sawun ya bi wata 'yar hanya da ta zagaya bayan hasumiya ta koma wajen tabarmi.

Na ce to ai shi ke nan, mu koma mu wanke Ma'azu. Ya ce jaka ba ta wanke kowa ba, za a ce shi ya jefar. Ya naɗe ta cikin babbar rigarsa ya ce in yi shiru.

Da muka hau, Tankari ya bi takalman da ke bakin tabarma yana ɗagawa ɗaya-ɗaya. Bai samu abin da yake nema ba, sai ya juya ya kalli ƙafafun mutane. Ya je gaban Alhaji Dogara ya tsuguna da ladabi ya roƙe shi ya ɗaga ƙafa. Baƙin taɓo ne cike a ƙarƙashin silifas ɗin, har ya fara bushewa.

Alhaji ya dubi takalminsa kamar yau ya fara ganinsa, ya ce shi dai kowa shaida ne yana gaba yana limanci, kuma ko gangaren nan bai leƙa ba saboda gwiwa. Wani daga baya ya ce to ashe takalmin liman ne ya je sata shi kaɗai. Dariya ta ɓarke, har Saffana sai da ta rufe baki da mayafi.

Tankari ya ce takalmin Alhaji ne a ƙarshen layi, kusa da hanya, wani ya zura ya tafi ya dawo ya ajiye, kuma wanda ya zura mace ce.

Nan fa wuri ya kaure. Mata biyar muka zo da su, duk sun yi ankon abaya ruwan toka. Hajiya Rekiya ta ce wannan cin fuska ne, a rasa wanda za a ɗora wa sai mata. Alhaji, wanda kunyar takalminsa ta sa shi ƙara zafi, ya ce shi bai san karatun taɓo ba, abin da ya sani shi ne akwai shaida mai ido biyu, kuma kowa ya ji abin da ta ce: ɓarawo, ya ɗauka, ya bi. Ba ta ce ɓarauniya ba. Ma'azu ma yana iya zura takalmin wani don ya ɓad da sawu. Ya duba agogo ya ce saura awa ɗaya da kwata.

Na ga Tankari ya ɗan karaya. Ya ja ni gefe ya ce tun yana ɗan shekara tara bai taɓa karanta sawun mace ya zama na namiji ba, amma kuma Hajiya Ayisha ba ta da dalilin yin ƙarya. Ya ɗaga kai ya kalli hasumiyar tun daga gindi har sama, ya haɗiyi yawu. Sai lokacin na san mutumin da ya kwana da kuraye a daji yana tsoron bene. Shi ya sa ofishinsa yake hawa na biyu, kuma bai taɓa zuwa nawa a na goma sha takwas ba.

Muka hau. Matakalar ƙarfe ce mai murɗawa, mutum ɗaya take ci. Ni ina haki saboda nama, shi yana karanto duk addu'ar da ya sani, yana haɗawa da Faransanci in ta ƙare. A sama muka tarar da Hajiya Ayisha zaune ta jingina da ɗakin fitilar, kofin shayi a hannu, tsohon mai gadi a gefe yana nuna mata jiragen dakon kaya da ke wucewa yana bayani da Sinanci, ita kuma tana amsa masa da "Allah sarki". Kogin ya baje har inda ido ya ƙare, ga gonakin ayaba a tsallake. Na ji daɗin ganinsa, ban kuma gaya wa Tankari ba, don shi bango yake kallo.

Ya gaishe ta ya tambayi jiki. Ta ce jiki lafiya, kunya ce kawai.

"Ɗiyana Nusrat ya faɗa mini," in ji ta. "Ya ce Mama, in kin je kada ki hau komai. Shi ya san halina. Da uwana yana da rai, shi ma dariya zai yi mini."

Tankari ya juyo da kansa a hankali ya dube ni, ni ma na dube shi. Wallahi ji na yi kamar in mari kaina. Shekara nawa muna tsokanar mutanen zangon Gana a kan wannan? A bakinsu mace "ya" ce, namiji "ya" ne, uwa ma "ya zo" take. Ni kaina na sha kwaikwayon Hajiya Ayisha a ofis ana dariya. Amma ranar da abin ya zama na amfani, mu goma sha takwas muka ji da kunnen Kano.

"Hajiya," in ji Tankari, "wanda kinka gani ya ɗauki jaka, namiji na ko mace?"

Ta dube shi kamar ya yi tambayar wauta. "Mace mana. Ya sa abayan ankon nan. Ai na faɗa muku."

Da muka gaya mata wanda ake tuhuma a ƙasa, ta ajiye kofin. Ta ce Ma'azun da ya taɓa bin ta har filin jirgi da kwalin da ta manta? Ta miƙe tsaye ba tare da kowa ya lallashe ta ba. Haka muka sauko: mai gadi a gaba, Tankari a bayansa ido rabi a rufe, Hajiya ta riƙe jelar rawaninsa tana saukowa tana salati, ni a ƙarshe ɗauke da kofin shayi.

Ƙarfe huɗu da rabi Tankari ya tara mu a gindin bishiya. Hajiya Ayisha ta maimaita maganarta, aka yi ta kallon juna, kowa yana jin kunyar da na ji a sama. Alhaji ya cire hula ya sosa kai ya mayar.

Saura a san wace ce. Mata biyu ne suka yi salla, cikinsu har da Saffana, Hajiya Ayisha tana sama. Sauran biyun ba su yi salla ba ranar, Rukayya da Hajiya Rekiya. Matan sun sani tun farko, mu maza kuwa ba abin da ake tambaya ba ne, shi ya sa da aka tashi ƙirga waɗanda ba sa sahu ba wanda ya waiwayi bayansa.

Idanu suka koma kan Rukayya, amaryar wani abokinmu, domin takalminta baƙi ƙirin yake da taɓon bakin ruwa. Ta fara rantsuwa. Tankari ya ce ta kwantar da hankalinta, ya ga sawunta, ta je ta dawo da nata takalmin tun kafin a kira salla. Ya ce wadda yake nema ba ta je da nata ba, don haka nata yana nan fes. Amma silifas ɗin da ya fi ƙarfin ƙafa yana da hali guda, duk taku sai ya ɗaga ya watsa wa mai shi taɓo a baya. Ya ce shi ba zai duba bayan tufar matan mutane ba, ya roƙi Hajiya Ayisha ta duba.

Ba ta kai ga dubawa ba. Hajiya Rekiya ta kai hannu ta janyo bayan abayarta gaba, ta kalli ɗigo-ɗigon baƙin taɓon da ya hau har ƙwauri, ta kalli takalminta mai tsini da ko ƙura babu, sai ta zauna a kan kula.

Ta ce ba sata ta yi niyya ba, so ta yi ta ɗauki hoton katin ta mayar kafin a sallame. Tun da mayafin Saffana ya fito nata ya daina tafiya, dila biyu suna nan jibge a Kano. Da ihu ya tashi ta rikice ta jefar. Na tausaya mata a kan dilolin, don duk mun san wannan ciwon. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne awa biyun da ta yi tana ƙara wa wutar Ma'azu itace.

Tankari ya zaro jakar ya miƙa wa Saffana. Ya ce ta kwantar da ranta, ba a buɗe ba, don tun daga bishiya har gora babu inda ƙafafun nan biyu suka tsaya waje ɗaya, kuma ba a buɗe zif a karanta kati ana tafiya. Saffana ta duba, komai yana nan.

Alhaji Dogara ya goge abin da ya riga ya rubuta a waya, ya ba Ma'azu haƙuri a gaban kowa, ya ce yanzu sunan da ya dace ne zai shiga guruf. Ma'azu ya ce don Allah kada ya rubuta sunan kowa. Ya ce shi ya ɗanɗana na awa biyu, kuma ba ya yi wa ko maƙiyinsa fatan ya ɗanɗana na shekara. Hajiya Rekiya ta rufe fuska da mayafi. Alhaji ya mayar da wayar aljihu, sannan ya ce to amma shi har yanzu yana son ya san inda mutum zai je ya bar jam'i.

Na buɗe baki, Tankari ya taka min ƙafa. Ma'azu ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya ce, "Alhaji, lici na ci kilo biyu."

Aka kece da dariya har sai da direban bas ya leƙo ya ga ko lafiya. Hajiya Ayisha tana dariya tana share hawaye tana cewa "Allah sarki, ya ji kunya ne," wani ya tambaye ta wa take nufi a cikinsu, aka sake kecewa.

Muna tattara tabarmi na ga Saffana ta nufi Ma'azu, wanda ya koma gefe yana kankare taɓo da tsinke. Ni kuma kular da zan ɗauka ta kasance kusa da su, don haka na daɗe ina gyara murfinta. Ta ce masa ta kalle shi da idon da bai kamata ba, kuma ta san ya gani. Ya ce ba komai, ya wuce. Ta ce bai wuce ba. Ta buɗe jakar ta zaro ɗan katin nan da aka yi duk wannan tashin hankali a kansa, ta miƙa masa.

"Kayana sun kammala tun jiya," in ji ta. "Kwali goma sha biyu. Na gaji da hawa tasi, gobe ka je ka ɗauko min."

Ma'azu ya goge hannunsa a riga sau biyu kafin ya karɓa. Bai karanta ba, ya sa a aljihun ƙirji ya maɓalle, ya tambaye ta ƙarfe nawa suke buɗewa.